Na Saman Akushi

Shekara talatin Nazira tana soya ƙuli-ƙuli a Gidan Sori, mijinta Barmo yana kai mata kasuwar Cadakori a amalanke. Duk hanya tafe yake yana gurgurar ƙulin, har ana cewa kafin a ji kukan jakinsa ake jin bakinsa.

Sai tsufa ya zo ya kwashe masa haƙora ɗaya bayan ɗaya. Barmo kuwa, taurin kai ba a magana, ya ce abincin da ba ya ƙara a baki na jarirai ne. Kunu ya ture, tuwo ya lasa ya bari. Wata biyu riga ta yi masa yawa, tsoro ya kama Nazira, don ta ga mutumin nan tafiya yake a zaune.

Wata rana da hantsi ta dafa dankali har ya yi luguf, ta murƙushe shi da bayan ludayi, ta sa man shanu da ɗan gishiri. Ta farfasa ƙuli manya-manya ta barbaɗa a kai. Ya dubi akushin, ya dube ta.

“Ke dai ci na saman, in ji,” ya ce.

Ta zauna dab da kunnensa tana tauna, gurus, gurus. Ya lumshe ido. Sai ga shi bisa amalanke, gero ya yi kai dama da hagu, yashi na shan ƙafar jaki, iskar damina na kaɗa masa riga. Hannunsa yana zuwa akushi yana dawowa bai sani ba. Da ya buɗe ido, babu saura.

Haka suka yi shekara huɗu, ita na sama, shi na ƙasa. Jikinsa ya dawo, har da tsokana.

Bana turmin haƙorinta na hagu ya fita, na dama ya soma ciwo. Ba ta gaya wa kowa ba. Tana tauna hawaye na zuba, ta dogara da cewa idonsa a rufe yake.

Ran nan ya tsaya da loma a hannu.

“Uwar Labo, ƙarar ta sake. Mi ya samu bakinki?”

“Ba komi, Malam.”

Ya buɗe ido ya daɗe yana kallonta. Ya jawo akushin gabansa, ya tsince ƙulin ɗaya-ɗaya ya watsa wa kaji. Sannan ya cinye dankalin tas, shiru, idonsa a buɗe.