Ruwan da Duba-gari Ya Sha

A Kwali, shekarun da suka biyo bayan samun 'yanci, ba a yi duba-gari mai zafi kamar Malam Ɗantani ba. Idan ya tarar da kwatami a ƙofar gida, sai maigidan ya gwammace ƙasa ta tsage ya shige. Shi ya sa aka haƙa babban lambatu, ya kwashe ruwan marina da na mahauta da na bayan gidaje, ya fice da su bayan gari. Gari ya yi fes, Ɗantani yana tafe yana hura hanci. Inda ruwan yake ƙarewa kuwa, bai taɓa tambaya ba.

Wata rana kekensa ya lalace a gangaren rafi, ya tura shi zuwa wata ruga. Wata dattijuwa mai suna Hindatu ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa a ƙwarya, don ba a gaisawa da baƙo sai ya jiƙa maƙoshi. Ya leƙa ƙwaryar, ya ga shuɗi-shuɗin baba, ƙarnin mahauta ya buge shi. Nan take ya gane ruwansa.

"Ka yi haƙuri, Malam," in ji ta. "Haka rafin ya koma, ban san dalili ba. Naka ma na tace da ɗankwalina, na jikokina ban tace ba."

Ɗantani ya kasa ɗaga ido. Ya kafa kai ya shanye tas.