Inna Mai Gishiri da Kwalbar da Ta Fi Ja

Kafin kowa ya iso, Inna Mai Gishiri ta riga ta buɗe ɗakin gwaje-gwajen nan na ƙasa, marar taga. Takan dama gishiri a ruwa har ya kusa ƙin narkewa, ta zuba a kwalabe, ta jera su kan injin da ke jijjiga su. Ba ka jin komai sai kaɗawar gilashi. Bayan 'yan kwanaki ruwan ya yi jaja-jaja kamar an wanke nama a ciki. Wannan jan wasu halittu ne da ido ba ya gani, masana na ce musu arkiya. Ita kuwa "mutanen ciki" take kiransu.

Kowace irin wannan halitta, kafin ta rabu biyu, sai ta kwafi saƙon gadon da ke jikinta, kuma kwafin yana da wuraren da yake somawa, wato mafari. Dakta, shugabar ɗakin, ta yi shekaru tana cire musu mafarin ɗaya bayan ɗaya har ba saura. Kwalba ɗaya tak aka samu ta marasa mafarin, kowa kuma ya ɗauka mutuwa za su yi.

Wata safiya Inna ta tarar kwalbar ta fi sauran ja.

"Inna, ba su da mafari, amma ga shi suna ta yaɗuwa!" in ji Dakta.

Inna ta ja da baya har ta bugi bango. "A'uzubillahi! 'Yar nan, Allah kaɗai ne ba shi da mafari. Me kika jajibo mana?"

Ana cikin haka haihuwa ta zo wa Dakta da gardama, ta daɗe a asibiti. Aka bar Inna daga ita sai kwalbar. In ba a sauya musu ruwa ba za su mutu, wahalar Dakta ta tashi a banza, kuma ba mai ganin laifin kowa. Inna ta san da haka. Mu da muke aiki a ɗakin mun gan ta tana sauya ruwan, baki na motsi da addu'a.

Da Dakta ta dawo ta bayyana mata: kowace halitta a kwalbar na ɗauke da kwafin saƙon gadon da yawa, wani kwafin ke jingina da wani ya soma.

Inna ta ce, "Ashe marayu ne, 'yan'uwa ke riƙon juna." Duk da haka, har yau ba ta yarda ta juya wa kwalbar baya.

Inna, ga shi za ki ajiye aiki, gishiri ya tsattsage miki hannu. Ke ce kika ciyar da abin da kike tsoro saboda amanar wadda ke kwance. Mun gode, Allah ya saka. Mu da za mu gaji mabuɗin ɗakin nan, Allah ya sa mu riƙe amana haka.