Madannin neman ruwa

Shekarar da 'yata ta gama karatun kwamfuta, ƙungiyar manoman rani ta garinmu ta ba ta aikin haɗa manhajar waya. Mai son a buɗe masa ruwan kanal sai ya danna, a sa shi a layi.

A tsakar gida take aikin, ina shanyar shinkafa. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, amma nakan leƙa. Rannan na ce madannin ya yi mini ƙanƙanta, yatsana yana danna biyu.

"Umma, ba ni na ƙera shi ba, haka ya zo," in ji ta. "Amma zan fitar da ɗa daga jikinsa. Ɗan zai gaji komai na uban, sai abin da na sauya kawai."

Kafin la'asar ta yi shi, ƙato, kore, da rubutun Hausa. Na danna har sau uku don daɗi.

Bayan kwana biyu ciyaman na ƙungiya ya zo. Ƙanin mijina ne, gonarsa tana bakin ƙofar ruwa. Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo fura. Ya sha, ya goge baki da hannun riga.

"'Yata, na ji kina haifar wa madanni 'ya'ya. Ki haifo mini ɗaya. Kamarsu ɗaya sak, amma na mutanen ƙarshen kanal. In sun danna ya ce an karɓa, shi ke nan."

"Baffa, ba zai sa su a layi ba ke nan?"

"Ke, su da sun saba jira? Da dai su zo su cika mini zaure da surutu."

Yana dariya, furar tana maƙale a gemunsa. Mutanen nan tare suke sahu ɗaya da shi a masallaci, kuma 'yar gonar tumatir ɗina ma a can ƙarshen take, ya sani sarai.

Yarinyar ta dube ni. Aikinta na fari ke nan, ta daɗe tana nema. Ban iya yi wa ƙanin miji musu a gabansa ba. Na dai miƙa hannu na ɗauke ƙwaryar, da sauran fura a ciki.

Ta rufe kwamfutar a hankali. "Baffa, wannan kam ban iya ba."

Washegari aka karɓe aikin, aka kai wa wani a Kano. Da manhajar ta fito ban sa ta a wayata ba. In ina son ruwa, mayafina nake yafawa in taka har ƙofar kanal in tsaya.