Yatsun Malam Uzairu

Tun yana saurayi Malam Uzairu yake aikin kwance giyabos, wato akwatin giyar mota, a bakin tashar Azare, kuma bai taɓa sayen abin awo ba. Ido kawai yakan rufe, ya kama sandar giya da yatsu biyu ya girgiza. Idan boris ɗin da sandar take juyawa a ciki ya fara sako-sako, ko da kamar silin gashi ne, sai ya ji. Direbobi har cewa suke idanunsa a yatsu suke.

Da ciwon suga ya kama shi, a hankali yatsun suka mutu. Matarsa Bara'atu kaɗai ta sani, domin ita take ɓalla masa maɓallin riga.

Gali, direban da yake ɗauko kifi daga Katagum, ya kawo motarsa tana gurnani. Malam Uzairu ya sauke giyabos, ya rufe ido, ya girgiza sandar. Shiru. Ya sake, bai ji komai ba. Ya ce boris lafiya lau, ya ɗaure.

Ko sati ba a yi ba aka jawo motar da igiya, kifin ya ruɓe a hanya. Da aka buɗe, man giya ya cika da garin ƙarfe, haƙoran giyar sun kakkarye. Malam Uzairu ya zura hannu yana lalube.

Gali ya sassauta murya ya ce, "Baba, cire hannunka. Jini kake zubarwa."

Sai a lokacin Malam Uzairu ya duba yatsunsa.