Talabijin ɗin Zuwaira

A Bungudu aka haifi Munzali, amma shekara ashirin da biyu ke nan yana gyaran rediyo da talabijin a wani ɗan shago a Gusau. Yana saurayi ya yi tsaron gidan gem, inda yara ke wasan bidiyo, lokacin da ake cusa kaset a na'ura, in ta ƙi a zare a hura mata iska a mayar. Na'urorin nan duk sun mutu, kaset ɗin ma babu. Shi ya sa ya ƙudura haɗa akwati guda wanda zai kwaikwayi aikinsu, ya ɗauke tsofaffin wasannin gaba ɗaya.

Shekara uku ya yi a kansa. Ya yi odar ƙaramar kwamfuta mai girman tafin hannu, kafinta ya yi mata gida na katako, shi kuma ya liƙe wayoyi da dalma, ya sa fanka saboda zafin bazara. Fanel biyu ya ƙona kafin na uku ya zauna.

Mutum ɗaya yake so ya gwada: Dogo, abokinsa da ba a taɓa cinyewa ba a gidan gem, wanda yanzu noma yake a Nahuce. In Dogo ya yarda, akwati ya yi. In bai yarda ba, shekara ukun ta tafi a banza.

Ranar wata Asabar Dogo ya shigo gari sayen taki, ya biyo shagon. Aka jona akwatin da talabijin filasma. Bai yi minti biyu ba ya ajiye hannun gem ɗin.

"Wanga abu naka makararre na. In danna yau, ɗan mutumin ya yi tsalle gobe?"

"Fartanya ce ta kashe maka yatsu," in ji Munzali.

"Yatsuna lafiya lau. Gyara abinka."

Mako biyu Munzali yana bin wayoyi bai ga laifi ba. Daga baya ya gano ba akwatin ba ne. Filasma takan ɗan riƙe hoto ta gyara shi kafin ta nuna, jinkirin da ido ba ya kamawa amma hannun gwani yana ji. Wasannin kuwa don tsohuwar talabijin mai doro aka yi su. Ya zaga abokan sana'a har Tsafe, duk 'yan gwangwan sun saye sun farfasa don jan ƙarfen ciki.

Guda ɗaya ya sani mai rai, tana ɗakin matarsa Zuwaira, an lulluɓe ta da leshi an jera tangaran a kai. Cikin kayan ɗakinta ta zo, marigayi mahaifinta ne ya saya. Kayan ɗaki na mace ne, miji ba ya ɗauka sai da izini. Munzali kuma ya sha ce mata ta sayar da wannan tarkace.

Ya same ta tana tsince shinkafa, ya yi ta kewaye-kewaye.

"Baban Husna, faɗi abin da ya kawo ka."

"Talabijin ɗin nan za ki ara mini."

"Wacce? Tarkacen?"

"Na janye."

"Ba ta fita ɗakin nan. Mai son gani ya zo zaure, ni zan sa a kai ta, ni zan sa a dawo da ita. Kuma sukuddireba ba ta taɓa ta."

Asabar ta gaba aka shimfiɗa tabarma a zaure. Dogo ya karɓi hannun gem ya danna, ya sake dannawa. Ya yi ta wasa har aka kira la'asar. Da suka dawo daga masallaci ya koma ya zauna.

"Shekara nawa ka ce ka yi?"

"Uku."

"To, ya yi. Zauna in cinye ka."

Akwatin yana gidan har yau. Ranar Asabar kaɗai ake kunna shi, kafin magariba kuma talabijin ta koma ƙarƙashin leshinta.