Hancin Iya Mai Wanki

Da sassafe, kafin likitoci su fara zagaye a ɗakin yara na asibitinmu, Iya Mai Wanki ta riga ta turo kekenta. Gado-gado take bi, ta yaye zanin gado, ta kai shi hanci, sannan ta jefa a kwando. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana haka. Mu ma'aikatan jinya har tsokanarta muke yi: "Iya, yau me hanci ya ce?" Sai ta ce, "Na gado na uku ya ci kifi a ɓoye, alhali likita ya hana." A bincika, wallahi haka ne.

Ni kuwa hancina ado ne kawai. Tukunya za ta ƙone a gabana, sai maƙwabta sun ƙwanƙwasa ƙofa zan sani.

Wata shekara aka kwantar da 'yata a ɗakin nan, tana da shekara shida. Amai, rama, ga shan ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ana ta ba ta maganin zazzaɓi, jiki sai baya yake yi. Rana ta uku Iya ta sunkuya za ta zare rigar filo, sai ta tsaya cak.

"'Yar nan," ta ce da ni, "numfashin yarinyarki ƙamshin ayabar da ta nuna har ta wuce yake yi. Ba na son shi."

Na shinshina, ban ji komai ba. Abokiyar aikina ta ce sabulu ne. Ƙaramin likita ya ce shi warin magani kawai yake ji. Hanci huɗu, magana huɗu! Raina a ɓace na ce, "Iya, don Allah ki ji da wankinki." Har yau in na tuna kunya nake ji.

Ba ta yi fushi ba. Ta ajiye kwando, ta tare babban likita a bakin ƙofa. "Ranka ya daɗe, ban yi boko ba. Amma sau biyu na taɓa jin wannan ƙamshi a ɗakin nan, duka biyun ciwon sukari aka ce. Ɗayan bai tashi ba."

Likita ya sa aka auna jini nan take. Sukari ya hau ba kaɗan ba. Aka sauya magani, washegari yarinya ta buɗe ido ta ce yunwa take ji.

Iya, ke ce kika ji abin da uwa ba ta ji ba. Ke ce aka ce ki yi shiru kika ƙi. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku kuma 'yan baya, in Allah ya ba ku abin da bai ba na kusa da ku ba, ku buɗe baki ku faɗa, ko za a yi muku dariya.

Makon jiya Iya ta ajiye aiki. Wurin bankwana 'yata ta zo da jaririnta, na daɗe ina riƙe da shi kafin ta karɓa, ta durƙusa ta miƙa wa Iya. Iya ta kai hanci kansa, duk muka zuba mata ido.

"Lafiyarsa ƙalau," in ji ta. "Sai dai a sauya masa nafkin. Tun ɗazu yana hannun kakarsa, ba ta ji ba."