Gangar Kaka da Sifana Mai Awo

A gidanmu na Sabon Birni, da an gama tuwon dare sai mu kewaye murhun Kaka tun garwashi bai mutu ba. Ni ina jingine da ƙafarta, yayana Lawali kuwa yana can gefe yana murɗa wani abu, don hannunsa bai san zama ba. Murfin kwalba in ya rufe, sai an nemo ƙato ya buɗe. Kaka takan tsokane shi ta ce, "Wanga miji nawa, ranar da ka riƙa hannuna ai sai mai ɗori."

Tatsuniyar da ta fi maimaita mana ta wani makaɗi ce da ya so gangarsa ta fi ta kowa amo. Ya yi ta jan igiyar fata, ganga ta yi ɗan ƙara, ƙas, wato tana roƙonsa ya bari haka. Ya ce ai yanzu aka fara. Ya ƙara ja, ya ƙara ja, ranar da aka taru a ƙofar sarki ya ɗora gula sau ɗaya fatar ta yage.

"Kowane abu yana faɗin ya ƙoshi," in ji Kaka, "sai dai a ƙi saurare."

Lawali ya ce shi dai makaɗin nan bai sami fata mai kyau ba ne. Muka yi ta dariya, har ita.

Da muka girma ya sayi babur yana kai kaya kasuwannin kan iyaka, kuma shi ke gyaran abinsa a zaure. In ya canza baƙin mai, sai ya taka sifana da ƙafa wajen ɗaure notin ƙasan inji, wai kada ya kwance a hanya. A haka zaren notin ya cinye ba wanda ya sani. Ranar da ciwo ya kayar da Kaka, ya ɗauke ta zuwa asibiti a Isa, ni ina bayanta ina riƙe da ita. Mai ya yi ta tsiyaya a hanya, inji ya buga a tsakiyar gonakin gero. Kafin mu sami mota, ta cika a jikina.

Bara da na sayi nawa babur, na je wurin wani mai kayan gyara a Isa. Ya fito min da sifana mai awo, wadda ake saita mata iyakar ƙarfin ɗauri. Guda biyu ya ajiye, doguwa da gajera.

"Kowa doguwar yaka so, Malam," in ji shi, "amma ta manyan motoci ce, ba ta jin ƙananan notin babur. Ɗauki ƙaramar, in ɗauri ya kai za ta gaya maka."

Ya sa ta a noti ya ja a hankali. Ta ce ƙas. Baƙin ciki ya cika ni, don ashe ɗan ƙarfen nan ne kawai babu a zaurenmu a wancan lokaci.

Na kai wa Lawali ya gwada. Ya ja, ta yi ƙarar, ya saki nan take. Ya zauna a ƙasa ya kifa kai a gwiwa, sannan ya ce, "Ashe hwatar ba ta da laihi."